Ma'ana Ta Biyu

Sai da aka kusa shekara ana kai ruwa rana kafin Baba ya yarda Dogo ya taka ƙofar gidansa. Shi ma ba da bakinsa ya faɗa ba, Umma ya aiko. Ta tarar da Malama tana guga, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Babanki ya ce mutumin naki ya zo ranar Asabar da yamma." Ba ta jira amsa ba ta juya.

Malama ta haura talatin da 'yan kai. Turanci take koyarwa a wata makarantar manya, ɗaki guda a saman kantin magani, da benci da allo da wata fanka mai ƙara. Ɗalibanta direbobi ne da teloli da 'yan kasuwa, sai wasu mata da 'ya'yansu suka fara yi musu dariya in sun zo karanta saƙon waya. Dogo a cikinsu yake. Mai gyaran firji da fanka ne, wani otal ya ɗauke shi aiki, manajan kuma ko gaisuwa ba ya ji da Hausa. Shi ya sa ya zo ya zauna a bencin baya, yana naɗe ƙafafunsa don kada su tare hanya. Yadda aka yi magana ta taso daga bencin baya har ta kai ga aure, kowa a ajin ya sani, kuma ba wanda ya ga aibu.

Baba ne ya gani. Tsohon hedimasta ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara wa mutane Turanci, har mai karanta labarai a rediyo bai tsira ba. Ranar da aka fara kawo masa maganar, tambaya ɗaya ya yi.

"Ina ya tsaya a karatu?"

Aka ce firamare. Ya gyara tabarau ya ci gaba da karatun jaridarsa.

Ranar Alhamis da aka tashi, Malama ta tsai da Dogo. Darasin ranar yana kan allo ba a goge ba, kalmomin amsa waya ne a wurin aiki. Ta koya musu in aka ce mutum busy yake, aiki ne ya sha masa kai. In aka ce engaged, kusan duk ɗaya ne, wani uzuri ne ya riƙe shi, sai a jira ko a sake kira.

"Na san Baba," ta ce. "Ba zai yi maka Hausa ba. Zo mu gyara bakin nan tun da wuri."

Ta yago takarda ta miƙa masa.

"Riƙe ta a gaban bakinka. Ce pan."

"Fan."

"Wannan fanka ce, wadda kake kwancewa kullum. Ni kaskon suya nake nema. Haɗe leɓenka biyu, ka tara iska, ka sake ta gaba ɗaya. In takardar ba ta yi tsalle ba, ba ka faɗa ba."

Ya haɗe leɓe, ya kumbura kumatu, ya saki. Takardar ta kuɓuce masa ta faɗa ƙarƙashin benci.

"To, ban ce ka kashe gobara ba," in ji Malama.

Suka yi ta maimaita please da people da repair har ya fara samu. Ta hana shi cewa well done in ya tarar da Baba a zaune, don a Turanci ba sannu da hutawa ba ce, yabo ne da babba ke yi wa yaro. Ta kuma hana shi cewa sorry in Baba ya yi tari, tunda ba shi ya sa masa tarin ba.

"To in ya yi tarin me zan ce?"

"Ka yi shiru."

"Wane irin yare ne wannan, dattijo ya yi tari a zuba masa ido?" Ya sosa ƙeya. "Malama, ashe zama surukin gidanku ma sai da jarrabawa."

Ta yi dariya, amma ba ta ce a'a ba.

Ranar Asabar tun kafin Dogo ya iso, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Malama ta leƙa ta taga ta gane ta. Ta Barista ce, ɗan aminin Baba, wanda tun tana yarinya take ce masa Yaya. Mahaifinsa, wanda duk gidan ke kira Baffa, yana kwance a asibiti zuciyarsa ta tashi. Ta ɗauka saƙon jikinsa aka kawo.

"Umma, Yaya Barista zai jima ne? Kin san akwai baƙo."

Umma tana jera kofuna a faranti, ba ta ɗago ba. "Babanki ne ya kira shi."

Nan Malama ta fara shan jinin jikinta.

Dogo ya zo cikin sabon ɗinki, karin guga na nan a hannun rigar. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da Baba, ya ba Barista hannu. Malama ta kai shayi ta ajiye, ta koma bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna ta tsaya.

Kamar yadda ta faɗa, Baba bai yi Hausa ba. Ya tambaye shi sana'arsa.

"I repair fridge and fan, sir."

Harafin da suka sha wahala a kansa ya fita daidai. Malama ta sauke numfashi a hankali.

"Fridges and fans," in ji Baba. "Ko guda ɗaya kake gyarawa tun da ka fara?"

"A'a, Baba, suna da yawa."

Baba ya koma Turanci. Ya tambayi iyayensa, ya tambayi inda yake zaune, ya tambayi abin da ya kawo shi. Dogo ya goge tafin hannunsa a gwiwa, ya faɗi jimlar da ya kwana biyu yana bita a kan babur, cewa ya zo neman izinin auren 'yarsa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Baba ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin.

"I am afraid she is engaged."

Malama ta damƙe labulen.

Fuskar Dogo kuwa sai ta washe. Kalma ce da ya sani, shekaranjiya aka rubuta ta a allo. Ya ɗan waiga wajen labulen, inda ya san tana ta hidimar baƙi, ya yi murmushi.

"No problem, sir. I will wait until she finish."

Shayi ya sarƙe Barista. Ya kau da kai yana tari, kafaɗunsa na rawa, sannan ya kama kansa ya sunkuyar da ido. Dogo ya buɗe baki zai ce masa sannu, ya tuna, ya yi shiru.

"Finishes," in ji Baba.

"Finishes, sir."

Sai a lokacin Baba ya yi Hausa. "To, ka gai da gida. Abin da ba ka gane ba, ka tambayi malamarka."

Dogo ya yi godiya har da ƙari, ya fita yana takawa da sauƙin jiki. Malama ta ji ya jima a bakin ƙofa bai ta da babur ba, yana jiran ta fito. Ba ta fita ba. Wayarta ta yi ta ruri a ɗaki har ta gaji ta yi shiru.

Motar Barista na barin ƙofar gida ta shigo falo. Ba ta zauna a kujera ba, a ƙasa ta zube gefen ƙafafun Baba.

"Baba, da wa aka yi mini baiko?"

"Kin gan shi ai."

"Yaushe?"

"Uwata, ba tsawa za ki yi mini ba."

"Ban isa ba, Baba. Tambaya nake yi. In ka san ka ba da ni, me ya sa ka ce ya zo? Me ya yi maka da za ka zaunar da shi a gaban wani a yi masa dariya?"

"Ni ban yi dariya ba. Na so ki ji da kunnenki ne. Mutumin da za a ce masa an ba da matar da yake so, ya yi godiya ya tafi, shi za ki zauna da shi har ƙarshen rayuwarki?"

"Laifina ne, ni ban koya masa ba. Ma'ana ɗaya na ba su."

"To haka za ki ƙare, kina cike masa abin da ya rage."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Baba, da Hausa za mu zauna. Da Hausa kai ma ka zauna da Umma, ba ta taɓa ce maka good morning ba, ga shi har mun girma."

Umma da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Ke, kada ki sa ni a ciki."

Baba ya cire tabarau ya murza idanunsa. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Baffanki yana kwance. Na je duba shi, ya riƙe hannuna ya roƙe ni ke, saboda ɗansa. Mutumin da muka yi ƙuruciya tare, likitoci na cewa a guji ɓata masa rai, me kike so in ce masa? Ban ɗaure ki ba, ke ba yarinya ba ce. In ba ki so, ga hanyar asibiti nan. Ki je ki faɗa masa da bakinki. Ni dai nawa bakin ya riga ya furta."

Ta juya wajen Umma. Umma ta duƙa tana tattara kofuna, ta ƙi yarda su haɗa ido.

Lahadi ta wuce Malama ba ta fita ba, ba ta kuma kunna waya ba. Yayarta ta zo daga gidan mijinta ta zauna a bakin gado ta yi ta lissafo mata halayen Barista, ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga murya, ga gida ga mota. Duk gaskiya ne, Malama ba ta musa ko ɗaya ba. Yayar ta gaji ta ɗauki jakarta.

"Ke dai kin fi kowa sanin hawan jinin Baba," ta ce, ta fita.

Ranar Litinin ta hau matakalar makaranta tana fatan bencin baya ya zama babu kowa. Yana nan, cikin kayan aikinsa, ƙafafu a naɗe. Bai yi mata murmushi ba, bai kuma haɗe rai ba.

Ta fara darasi a kan bambancin borrow da lend, wanda kullum ke rikita su, don Hausa da aro ɗaya take sallamar duka biyun. Mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Tana cikin ba da misali da almakashin tela, Dogo ya ɗaga hannu.

"Malama, ina da tambaya, amma a kan darasin baya ne."

"Ina jin ka."

"Kalmar nan engaged. Tana da wata ma'ana bayan wadda kika ba mu?"

Ajin ya yi tsit irin na masu jiran ƙarin ilimi. Ba wanda ya san komai. Malama ta juya ga allo ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe.

"Tana da ita. Da farko dai gaɓa biyu ce, ba uku ba. Kada ku ja ƙarshenta, ku datse shi. Ma'ana ta farko kun sani. Ta biyu kuma, in aka ce mace ko namiji engaged, to an yi baiko ke nan, an tsai da maganar aure."

Hajiya mai yadi, wadda ba ta bari magana ta wuce ta, ta tafa hannu. "Wato Bature in zai yi aure sai ya ce aiki ne ya riƙe shi? Ai kuwa bai yi ƙarya ba!"

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta jira suka lafa.

"In za a faɗi wanda aka yi baikon da shi, sai a sa to a gaba. Ba with ba, to."

"A ba mu misali a jimla, Malama," in ji Dogo.

Ta rubuta: She is engaged.

"Ba ki ƙarasa ba," ya ce. "Kin ce ana sa to."

Ta tsaya da alli a hannu tana kallon allon. Fanka na ta ƙara a sama. Can ta ajiye allin ta kakkaɓe hannunta.

"Mu koma kan almakashi," ta ce.

Da aka watse, ta same shi zaune a matakala, jakar kayan aikinsa tsakanin ƙafafunsa. Ta tsaya sama da shi kaɗan.

"Wa ya faɗa maka?"

"Mai karɓar baƙi a otal. Ina ba ta labari ina alfahari, na ce har Turanci muka yi da surukina. Ta ce in maimaita abin da ya ce. Da na maimaita sai ta rufe bakinta da hannu." Ya ja zip ɗin jakar ya buɗe, ya sake rufewa. "Ba dariyar ce ta dame ni ba, na saba, ko a ajin nan ana yi mini. Abin da ya dame ni, daga gidanku wajen Innata na wuce na ce mata an karɓe ni. Tsohuwar nan har da sujada. Yanzu ban san yadda zan koma mata ba."

Malama ta zauna a matakalar, ta rufe fuskarta da mayafi. Kukan ya zo mata ba sauti.

"Kin sani?" ya tambaya.

"Wallahi a bayan labule na ji, lokacin da ka ji."

"Na kira ki."

"Ban san da wane baki zan fassara maka ba."

"Da wanda shayi ya sarƙe aka yi baikon?"

Ta gyaɗa kai.

"Na yi zato. Takalminsa kaɗai ya isa. Ni ba zan ce ki saɓa wa mahaifinki ba, ni ma da zan sami nawa a raye ba zan so a sa ni in saɓa masa ba. Amma kada ki bar ni ina yawo da rabin magana. Ki faɗa mini da Hausar da na iya, in tsaya ko in tafi?"

"Baba ya ce in ba na so, in je in faɗa wa Baffa da bakina. Yana gadon asibiti, Dogo. Shi ya saya mini ƙamus ɗina na farko. In wani abu ya same shi saboda maganata, da wane ido zan kalli gidanmu?"

"To shi ke nan." Ya miƙe ya rataya jakarsa.

"Ban gama ba."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Gobe zan je."

Washegari da hantsi ta tafi asibitin, ba ta faɗa wa kowa a gida ba. Ɗakin Baffa na ƙarshen baranda, gado ɗaya, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ta tarar da shi an jingina shi da matasai, ya rame, robar ƙarin ruwa a bayan hannunsa. Ba kowa a wurinsa, wata ma'aikaciyar jinya ta ce ɗansa ya sauka karɓo magani.

Yana ganinta fuskarsa ta haskaka.

"A'a, 'yata ce da kanta? Zo nan kusa. Ko yanzu kunyata za ki fara ji?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki. Ya yi ta sa mata albarka. Ya ce tun da aka yi maganar nan yake samun barci, har likita ya ce bugun zuciyarsa ya daidaita. Kowace kalma sai ta ji kamar ana ƙara mata dutse a ka. Ta kalli ƙofa. Da ta tashi yanzu ta ce gaisuwa ce ta kawo ta, ba wanda zai ce ta yi laifi.

Ba ta tashi ba.

"Baffa, magana ce ta kawo ni. Don Allah ka yafe mini."

"Faɗi, ina ji."

Ta sunkuyar da kai ta faɗa masa duka. Ta ce Yaya Barista ba shi da abin ƙi, amma yaya ta ɗauke shi tun tana yarinya. Ta ce akwai wanda take so, mai gyaran firji ne, bai yi karatu mai nisa ba, kuma ba ta jin za ta iya barinsa. Ta ce ta san ya roƙi Baba, ta san nauyin roƙonsa, shi ya sa ta zo da ƙafarta maimakon ta aiko.

Baffa bai katse ta ba. Da ta gama, ta ɗago a tsorace tana duban ƙirjinsa. Numfashinsa na tafiya daidai. Kallonta kawai yake yi, goshinsa a tattare.

"Na ji duka," ya ce a hankali. "Abu ɗaya ne ban gane ba. Wa ya ce miki ni na roƙa?"

"Baba ya ce ka riƙe hannunsa..."

"Hannu dai an riƙe, amma shi ya riƙe nawa. Nan ya zauna, a kujerar nan da ke bayanki. Ya ce ke kika nuna kina son yaron nan tun da daɗewa, kunya ce ta hana ki faɗa, shi ya sa ya zo ya nema miki. Ni kuwa na ce wannan ai abin farin ciki ne. Shi ma yaron haka aka gaya masa."



Idon Baffa ya bar fuskarta ya koma bayanta. Ta waiga.

Barista ne tsaye a bakin ƙofa, ledar magani a hannunsa. Daga yadda ya tsaya ta gane ya jima a wurin. Ya shigo ya ajiye ledar a kan durowa, ya zaro makullin mota daga aljihu.

"Tashi mu je," ya ce. "Gara mu sami Baba tare."